Gidanmu na Kakuri: mu sayar ko mu zauna?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar firamare ce, ina zaune a Kakuri, Kaduna, a gidan da aka haife ni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sayi filin a 1974 lokacin yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun unguwar, ya yi ta gini ɗaki bayan ɗaki har suka kai tara da zaure. Masaƙar ta rufe, bai karɓi kuɗin sallamarsa ba har ya rasu shekara shida da suka wuce. Ya bar Mama da mu biyar, maza biyu, mata uku, kuma har yau ba a raba gado ba. Ni da yarana da Mama da autanmu namiji muke ciki. Ɗakuna huɗu 'yan haya ne, biyu daga cikinsu tsofaffin abokan aikin Baba, abin da suke biya bai taka kara ya karya ba.

Yanzu unguwar tana sauyawa. Ana saye tsofaffin gidaje ana rushewa, ana gina sito da shaguna, ga raɗe-raɗin za a faɗaɗa titin gabanmu. Wani dillali ya kawo mai saye a kan naira miliyan 24, ya ba mu mako biyu, yana cewa in muka tsaya rusau zai ci gidan mu tashi a tutar babu. Yayanmu ya matsa a sayar saboda bashi ya yi masa katutu. Mama kuwa ta ce gawarta kaɗai za a fitar daga gidan, kuma har yanzu takan ce masaƙa za ta dawo. Takardarmu ɗaya ce, ta ciniki, mai sa hannun mai unguwa. Yau wata guda ke nan Yaya bai shigo gaida Mama ba. Ni ce a tsakiya, kowa ni yake kawo wa ƙara. Hajiya, mu sayar ko mu zauna?

Wata 'yarki daga Kakuri

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa aljanna ce makomarsa, ya ƙara wa Mama lafiya.

Kada kowa a cikinku ya sa hannu a kan wata takarda cikin makon nan biyu, kuma kada kowa ya karɓi kafin alƙalami ko na naira dubu ɗaya ne. Wa'adin nan dillali ne ya yanka shi, shi kuwa la'ada yake ci, la'ada ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Ki sake sauraron maganarsa da kyau. In da gaske rusau zai cinye gidan, me zai sa ɗan kasuwa mai hankali ya zuba miliyan 24 a kansa? Wanda ya ɗauko irin wannan kuɗi ya riga ya yi bincikensa, ya hango wani abu a filin nan da ku ba ku tsaya kun duba ba.

Abin da ya hango ba ɓoyayye ba ne. Masaƙu ne suka cika Kakuri da Makera da jama'a. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki, gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ce ta kafa ta tare da wani kamfanin saƙa na Ingila. Cikin shekarun 1960 masaƙun Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, aka kafa masana'antar makamai ta DICON a 1964, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya zo a 1975. An zaɓi wurin ne saboda ga layin dogo, ga kogi a kusa, ga auduga tana sauka daga ƙasar Zariya da Funtuwa da Gusau. Injinan saƙa sun yi shiru, amma layin dogo bai tashi ba, titin Kachia yana nan, hanyar Abuja tana bakin ƙofa, ga manyan filaye da kangwaye. Shi ya sa da aka tashi buɗe tashar tsandauri a Janairun 2018, inda ake sauke kwantena a yi mata aikin kwastan ba sai an je Legas ba, a Kakuri aka buɗe ta. A 2019 kuma gwamnatin jiha ta ƙaddamar da aikin sabunta birni, wanda a cikinsa aka sake gadar Kawo, aka kuma yi sabuwar gada da ta haɗa Kabala Costain da Barnawa, maƙwabciyarku. Mai kaya yana neman wurin da tirela za ta shiga ta fita ba wahala. Ɗakunan Baba ba su dame shi ba, a rana ɗaya zai baje su. Ƙasar yake so, kuma irin wannan ƙasa darajarta hawa take yi.

Saboda haka ra'ayina shi ne ku zauna a yanzu, amma ba irin zaman da kuka yi shekara shida kuna yi ba. Wancan zaman ne ya kawo ku nan.

Bari in tsaya a kan Mama tukuna, don na ga alamar kuna jin maganarta kamar rigimar tsufa ce kawai. Maganar dawowar masaƙa, gaskiya mai ɗaci ita ce ba abin da za a ɗora lissafin gida a kai ba ne. KTL ta rufe a ƙarshen 2002, Arewa Textiles ta bi ta ba da jimawa ba, UNTL ta tsaya a 2007. Abubuwan da suka kashe su sanannu ne: rashin wuta, tsadar baƙin mai, tsofaffin injina da kayan gyaransu suka gagara saye tun bayan karyewar naira a 1986, da atamfar fasa-ƙwauri mai araha da ta cika kasuwa. Gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 100 don farfaɗo da auduga da masaƙu, UNTL ta sake buɗewa a 2010, amma ba a sake ganin irin cincirindon nan na masu kekuna a bakin get lokacin canjin aiki ba. Gwamnatoci sun yi ta alkawari. Ina fatan Allah ya nuna mana ranar, sai dai ko an tayar da su, injin zamani ba ya ɗaukar yawan mutanen da na da ya ɗauka.

To amma kada ki zauna kina yi wa Mama wannan bayani, ba shi take bukata ba. In ta ce masaƙa za ta dawo, mijinta take tunawa da ƙuruciyarta, da lokacin da albashi yake shigowa ƙarshen wata. In ta ce ba za ta fita ba kuma, akwai hankali a ciki wanda ya kamata ku auna. A layin nan ne take da waɗanda za su ƙwanƙwasa mata ƙofa in ba su ga ta fito ba, da wadda za ta raka ta asibiti da daddare, da makarantar Islamiyyar da take zuwa da ƙafa. Matar nan ta ga rikicin 2000 da na 2002, lokacin da garin ya rabu biyu mutane suka yi ta ƙetare kogi kowa yana neman inda nasa suka fi yawa, kuma har yau tana nan cikin maƙwabtan da suka san ta suka san mutuncinta. Wannan ba ya shiga cikin miliyan 24. Tsohuwar da aka ɗauke daga inda ta yi shekara hamsin aka kai ta bayan gari, inda ba ta san kowa ba kuma kowa ya fita aiki tun safe, sau da yawa kaɗaici ne yake kwantar da ita kafin wata cuta. Ina ɗaukar wannan da nauyi ƙwarai, kuma ina so 'yan'uwanki su ji shi daga bakinki.

Sai dai rantsuwar Mama ita kaɗai ba za ta riƙe gidan ba, kuma a nan zan yi muku faɗa ku duka. Barin gado shekara shida ba a raba ba kuskure ne, ko da kunya ce ta jawo, ko gudun kada a ce ana ɗokin dukiyar mamaci. Tun ranar da Baba ya cika gidan ya zama na mutum shida, kowa da rabon da Allah ya yanka masa a aya ta 11 da ta 12 ta Suratun Nisa'i. In babu wata matar, iyayensa ba su da rai lokacin da ya rasu, an kuma biya bashinsa da wasiyyarsa, lissafinku mai sauƙi ne. A kasa gidan takwas. Mama tana da tumuni, wato kashi ɗaya. Ku mata uku kowace kashi ɗaya. Maza biyu kowanne kashi biyu. Alƙali ko malamin da ya san ilimin gado ne zai tabbatar, amma haka abin yake a fili.

Yanzu ki ɗora wannan a kan miliyan 24. Mama miliyan uku, ke miliyan uku, Yaya shida, auta shida, tun ba a cire la'ada da kuɗin lauya ba. Ku ukun da kuke zaune a ciki, in kun haɗa naku kaf, miliyan 12 ke nan. Ki zagaya ki tambayi abin da wannan kuɗi zai saya yau a cikin Kaduna. Sai dai can gefen gari, gida ƙarami, babu 'yan haya huɗun da suke taimaka wa tukunya, ga kuɗin mota zuwa makarantarki kullum, kin kuwa san yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Kuɗin hannu kuma ba ya jira. Dalar da gwamnati take sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a shekarar, buhun siminti kuwa ba sai na gaya miki ba. Kuɗin gida in aka raba shi shida, ga biki ga rashin lafiya ga mai neman rance, kafin shekara ta zagayo sai a nemi rabinsa a rasa. Shi ke nan an rabu da ƙasar da take hawa an riƙe takardar da take sauka.

Wannan lissafi kuma shi ne ya nuna Yaya ba mugu ba ne. Yana da rubu'in gida, haƙƙinsa ne, shekara shida bai ga amfaninsa ba, ga masu bin bashi a ƙofarsa. Mutumin da yake cikin wannan hali in aka ce masa ya yi haƙuri kawai, ji zai yi an danne shi. Ki sani kuma, in ya kai ƙara kotun shari'a ya nemi rabonsa za a saurare shi, kuma a fiƙihun Malikiyya idan kadara ba ta rabuwa sai da ɓarna, alƙali yana iya sa a sayar a raba kuɗin. Ke nan cewa "ba za mu sayar ba" a rufe ƙofa ba dabara ba ce, ƙarshenta gidan ya fita a kan farashin da ba ku kuka zaɓa ba, zumunci kuma ya tafi tare da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, dillalin nan kuwa ya ga tsagar.

Hanyar da nake ganin za ta fitar da kowa ita ce a fitar wa Yaya da rabonsa ba tare da an sayar da gidan duka ba. Shari'a ta ba abokan tarayya a gida ko fili haƙƙin shuf'a, yana nan a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya: in ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare kafin a raba, sauran suna da ikon su karɓe shi a kan farashin da aka sayar. Ba sai kun kai ga haka ba. Ku huɗu da Mama kuna da kashi shida cikin takwas. Ku zauna ku ga ko za ku iya sayen nasa a hankali, a rubuce, da shaidu: a fara da abin da zai kashe bashin da ya fi ƙona shi, sauran a biya kashi-kashi cikin lokacin da aka yanka. Ɗan gwal ɗin da aka ajiye, adashe, gudummawar mazan ƙannenki in sun ga dama, kuɗin hayar ɗakuna huɗun nan a juya shi can har a gama. In hakan ya gagara, gida mai ɗaki tara da zaure sau da yawa yana rabuwa. Ana iya yanka masa ɓangaren da yake fuskantar titi a buɗe masa ƙofarsa daban, ya yi shago ko ya ba da haya. A kula, gaba ya fi baya tsada, don haka da ƙima za a raba, ba da ƙirgen ɗakuna ba.

Duk wannan ba zai tsaya ba sai da takarda, kuma nan ne kuka fi rauni. Takardar mai unguwa shaida ce mai amfani, kada ku raina ta, ku yi mata hoto da kwafi ku ajiye a wurare daban-daban tun yau. Amma tun 1978 dokar amfani da ƙasa ta sa duk filin cikin birni a hannun gwamna, mutum haƙƙin zama da amfani yake da shi. Abin da ya taimake ku shi ne Baba ya sayi filin tun 1974. Dokar ta ce wanda yake riƙe da ginannen fili a birni kafin ta fara aiki, ana ɗaukarsa kamar an riga an ba shi haƙƙin. In ya fara gini kafin 1978, kuna da gindi mai ƙarfi, abin da ya rage shi ne ku mayar da shi takardar shaidar mallaka, wadda kowa yake kira C of O. A Kaduna hukumar KADGIS ce take wannan aiki. Ku fara da kotun shari'a a raba gadon a ba ku takardar da ta lissafa magada da rabon kowa. Ku tattara tsofaffin rasit na wuta da ruwa da haraji masu sunan Baba, musamman mafi tsufa. Dattawan da suka ga lokacin da ya sayi filin ya aza tubali, ciki har da 'yan hayan nan biyu abokan aikinsa, a rubuta shaidarsu yanzu suna da rai. Sannan ki je ofishin da ƙafarki, ke da auta, ku tambayi abin da ake bukata da abin da ake biya, ku biya ta hanyar da hukuma ta tsara ku karɓi rasit. Kada ku miƙa asalin takardarku ga wani mai cewa ya san wani a ciki. Kuma kada a buɗe fayil da sunan mutum ɗaya don sauƙi, ko da Yaya ne, ko da ke ce. A sa sunan magada, ko wakilan da kowa ya amince da su a rubuce. Ko daga baya kun yanke shawarar sayarwa, gida mai C of O ya fi mai takardar mai unguwa kuɗi nesa ba kusa ba, wannan bambanci kuwa shi mai sayen nan yake so ya ci.

Maganar rusau kuma ba abin wasa ba ce a Kaduna, ba zan ce miki tsoron banza ne ba. Kowa ya ga gine-ginen da aikin tituna ya ci tun 2019, an kuma rushe Kasuwar Barci a 2020 don a sake gina ta. Amma raɗe-raɗi ba sanarwa ba ne. Hukumar tsara birane, KASUPDA, ita ce ta san faɗin da aka ware wa kowane titi da tazarar da gini zai bari. Ku rubuta mata takarda kuna tambayar matsayin layinku, ku karɓi kwafi mai hatimin an karɓa. Ya fi kyau ku yi shi a ƙungiyance, masu gidajen layin duka da mai unguwa, don takardar mutum ashirin ta fi ta mutum ɗaya nauyi, kuma a wajen zaman ne za ku ji nawa aka taya gidan wane, nawa wane ya sayar. Dillalai sun fi son kowa ya yi cinikinsa a ɓoye.

In ta tabbata titi zai taɓa ku, ga yadda doka take. Gwamna yana da ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma da sanarwa, kuma da diyya. Diyyar ta abin da aka gina ce a kan filin, ba ta ƙasar kanta ba, kuma ana rage ta gwargwadon tsufan ginin. Saboda haka ku ɗauki hoton gidan ciki da waje, ɗaki-ɗaki, rijiya, katanga, har bishiya in akwai, ku sa ƙwararren mai ƙiyasta kadara mai rajista ya rubuta muku ƙimarsa. Wannan rahoto zai yi muku aiki uku: wajen rabon gado, wajen diyya, da wajen sanin ko miliyan 24 kuɗin gidan ne ko rabinsa. Sau da yawa faɗaɗa titi zaure yake ci da ɗakin gaba, abin da ya rage kuma ya wayi gari a bakin sabuwar kwalta. Don haka kada ku aza ko bulo ɗaya a gaba sai kun san inda layin ya tsaya, kuma sai da izinin gini a hannu. Shagon da aka gina ba izini shi ne farkon abin da ake shafa wa jan fenti, neman diyyarsa kuma wahala ce.

In layi ya fito, takarda ta samu, a lokacin ne za ku ci moriyar sauyin da yake ba ku tsoro yanzu. Shaguna biyu ko uku a gaba, a unguwar da direbobi da 'yan dako da ma'aikatan sito suke ƙaruwa, suna iya kawo abin da ya fi hayar ɗakuna huɗun nan. Za a zo muku da tayin "ba ni gaba in gina, in ci shekara kaza in mayar muku". Ba haramun ba ne, wani lokaci ma shi ne mafita ga wanda ba shi da jari, amma sai da lauyanku, ba nasa ba, shekarun a rubuce, abin da za a gina a rubuce, kuma asalin takardar gida ba ta barin hannunku.

'Yan hayan nan tsofaffi, ina roƙonku ku bi da su a hankali. Mutanen da suka tsaya a bakin inji ɗaya da mahaifinku ne, abin da ya same shi ya same su. Ba na cewa a bar haya yadda take har abada, domin akwai haƙƙin marayu da na gwauruwa a ciki. A zauna da su a gaya musu halin da ake ciki tun yanzu, kada su ji a bakin dillali. In za a ƙara, a ƙara kaɗan-kaɗan. In dole sai wani ya tashi, mai biyan shekara bisa ƙa'ida wata shida ake ba shi a rubuce, ku kuma ku ƙara masa da taimakon neman wani wuri a kusa. Sabunta unguwa yakan fara korar irinsu ne, waɗanda suka yi zaman wahalarta, kuma ba na so a yi hakan da hannunku.

Abu biyu a gurguje. In da rijiya ko burtsatse kuke sha, ku kai ruwan a gwada. Shekaru da yawa ruwan rini da na sauran masana'antu yana bin magudanun Kakuri da Makera zuwa kogin Kaduna, ruwa kuma yana iya yin garau alhali ba shi da lafiya. Kafin sakamako ya fito, a nema wa Mama da yara ruwan sha daga wani wuri. Na biyu, kuɗin sallamar Baba shi ma gado ne. Ku adana katinsa na aiki, takardar ɗauka da ta albashi, ku je ofishin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ke nan Kaduna ku tabbatar sunansa yana cikin jerin masu bin haƙƙi, da sunan wanda zai karɓa a madadin magada. In ya fito, alhamdu lillahi. Kada dai a yi wa mai bin Yaya bashi alkawari da shi.

Akwai halin da zan ce ku sayar, don kada ki ɗauka na rufe wannan ƙofa. In hukuma ta tabbatar a rubuce cewa abin da zai rage bayan titi ba zai zaunu ba. Ko in ƙurar manyan motoci da ƙararsu suka kai inda lafiyar Mama take taɓuwa, ita da kanta ta ce a tashi. Ko in kun yi iya yinku kun kasa fitar wa Yaya haƙƙinsa. A nan ma ba a mako biyu ba, ba kuma ga mai taya na farko ba. A nemi masu saye uku ko huɗu, a samo gidan da Mama za ta koma a nuna mata ta yarda kafin a karɓi kuɗi, a biya ta banki, kowane magaji ya sa hannu da kansa, lauya ya bi ciniki har amincewar gwamna da doka ta shar'anta.

Ke kuma, 'yata, ki sauke kayan nan daga kanki ke kaɗai. Ba ke ce alƙali ba, kuma in kika ci gaba da kai saƙo tsakanin uwa da ɗa, ke za a wayi gari ana zargi ta kowane ɓangare. Ki je gidan Yaya da kanki cikin makon nan, ba ta waya ba. Ki gaishe shi yadda ƙanwa take gaida wanta, kada ki fara da maganar gida. Ki tambaye shi nawa ne bashin, wa yake bin sa, yaushe ne wa'adi. Ki tambaye shi a hankali, ba da sigar tuhuma ba, ko ya riga ya karɓi wani abu a hannun dillali, domin in ya karɓa, shi ne abu na farko da za a haɗu a mayar. Ki gaya masa kin yarda yana da haƙƙi kuma kina so a fitar masa da shi. Sannan ki roƙe shi ya zo ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, don wata guda ya yi yawa, kuma babu bashin da ya kai fushin uwa nauyi. Mama ma a lallashe ta ta karɓe shi ba tare da gori ba.

Bayan haka ku kira baffanku da kawunku da limamin unguwa, a sa rana ɗaya da kowa zai halarta, har ƙannenki na gidan miji, kowace ta yi magana da bakinta a kan kasonta. Ki zo da kwafin takardar ciniki da lissafin kashi takwas ɗin nan a rubuce. A wannan zama ba za a yi maganar sayarwa ko ƙin sayarwa ba. Abu uku za a yanke: ranar zuwa kotu don rabon gado, wanda zai nemo mai ƙiyasta gidan, da yadda za a tsayar da masu bin Yaya bashi na wata uku. Dillali kuma baffanku ne zai kira shi ya ce magada ba su gama shawara ba, za a neme shi in an gama.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a abin da mahaifinku ya bari. Ki rubuto mini bayan zaman in ji yadda kuka yi.